Adaka ko Fam-akshan: Makaman da Ke Hannun Masu Gadin Ƙauyukan Arewacin Zamfara

Da an idar da sallar isha'i a ƙauyukan da ke tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi, sai gari ya rabu gida biyu. Mata da yara da tsofaffi su shige ɗaka, wasu ma su nufi gidajen 'yan uwa da ke tsakiyar gari. Samari da magidanta kuwa su kama hanyar bakin gari, kowa da tocila da abin da ya samu na riƙewa.

A irin wannan zama na sintiri, bindiga iri biyu ce aka fi gani. Ga adaka, doguwar bindigar maƙera da ake ɗura wa albarushi ta baki, tare da ƙanwarta harba-ka-ruga mai cin harsashi ɗaya. Ga kuma fam-akshan, ƙirar kamfani, wadda ake jan marikinta baya a tura gaba kafin kowane harbi, irin wadda ake gani a hannun Askarawan Zamfara, rundunar tsaron gari ta gwamnatin jiha, da wasu 'yan banga.

Musu a kan waɗannan biyun ba ya ƙarewa a majalisu. Wacce ta fi saiti? Wacce ta fi ƙwari? Wacce ce ba za ta ba mutum kunya ba a daren da aka fi bukatarta? Masu wannan musu ba don nishaɗi suke yi ba, domin ran mutum da na iyalinsa ne ya rataya a kan amsar. Sai dai duk wanda ya bi musun zuwa ƙarshensa zai tarar da wata bindiga ta uku, wadda ke hannun mutanen daji, kuma ita ce ke sauya lissafin gaba ɗaya.

Yadda manomi ya koma mai gadi

Ƙasar nan ta noma ce da kasuwanci. Tun 1929 layin dogo daga Zariya ya iso Kaura Namoda, ya mai da ita matattarar gyaɗa da auduga. Kasuwar Shinkafi ta yi suna wajen dabbobi da hatsi har cikin Jamhuriyar Nijar. Zurmi da Moriki da Dauran suna da gonaki da fadamu da suka daɗe suna ciyar da jama'a.

Daga wajajen 2011 al'amura suka fara rikicewa. Satar shanu ta yi ƙamari, rigimar gonaki da burtali ta tsananta, ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya ta zama ruwan dare. Kafin a ankara, dazuzzukan Sububu da Dumburum sun zama sansanonin 'yan bindiga, garkuwa da mutane kuma ta zama sana'a.

Kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa a 2019, ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Mohammed Abubakar, ya ƙiyasta cewa an kashe sama da mutum 6,000 a Zamfara cikin kimanin shekara takwas, an kuma biya kuɗin fansa da ya haura naira biliyan uku. Arewacin jihar ya ɗauki kaso mai nauyi. A Fabrairun 2018 an kashe mutane kusan arba'in a yankin Birane da ke Zurmi. A Yunin 2021 an kashe sama da hamsin a Kadawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Sunan jagoran 'yan bindiga Bello Turji ya zama abin da ake faɗa da ƙasa-ƙasa a ƙasar Shinkafi.

Mutumin da ya kira jami'an tsaro sau ɗaya, sau biyu, bai ga kowa ba sai da gari ya waye, ba ya bukatar wani ya ce masa ya nemi abin kare kansa. Haka bindigar farauta da ke rataye a bango ta sauko ta koma bakin gari.

Adaka: gadon maharba da maƙera

Adaka ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Baturen nan ɗan yawon buɗe ido, Hugh Clapperton, wanda ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙi da Gobirawa a 1826, ya rubuta cewa 'yan bindigar da ya gani kimanin arba'in ne kawai a cikin dubban mayaƙa. Ya kuma lura cewa da sun harba sai su ja da baya, inda kibiya ba za ta kai ba, su sake ɗuri. Shekara kusan ɗari biyu ke nan, amma yanayin aikin adaka bai sauya ba.

Bayan zuwan Turawa ta koma hannun maharba. Da ita ake korar biri da gyado daga gona, da ita ake farautar rani, da ita 'yan bindigar sarki ke buɗe hawan sallah. Maƙerin gari ne ke ƙera ta, shi ne kuma ke gyara ta. Wannan shi ne babban abin da ya sa har gobe ba ta fita daga ƙauye ba: tana da araha, kayan aikinta na kusa, kuma mai gyaranta maƙwabci ne.

Harba-ka-ruga ta zo daga baya, lokacin da harsashin kamfani mai kwanson roba ya yawaita. Ta rage wa mai ita wahalar ɗurin albarushi, amma ita ma harbi ɗaya take yi, sai an buɗe an zare kwanso an saka wani.

Fam-akshan: baƙuwar da ta shigo ta teku

Fam-akshan kuwa bindigar farautar tsuntsaye da ƙananan namun daji ce a ƙasashen da suka ƙirƙiro ta. A Amurka ta yi fice tun ƙarshen ƙarni na 19, daga baya 'yan sanda da masu gadi suka rungume ta. Galibinta tana ɗaukar harsashi biyar zuwa takwas, kowane harsashi kuma cike yake da ƙwayoyin darma da ke bazuwa in an harba. Akwai nau'in da ke ɗora wa kansa harsashi na gaba ba tare da an ja mariƙi ba, amma a bakin jama'a duk suna ɗaya ake kiran su.

Da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a Najeriya ƙirar Turkiyya ne. A shekarar 2017 kaɗai, hukumar kwastan ta kama sama da guda 2,600 a Legas, a kamu huɗu daban-daban. A tsakiyar 2024 ta sake kama sama da bindigogi 800 da harsasai fiye da 100,000 a tashar jiragen ruwa ta Onne da ke Jihar Ribas. Abin da aka kama ke nan. Wanda ya wuce, shi ne ke ratsa kasuwannin bayan fage har ya iso arewa.

Sai kuma waɗanda gwamnatoci suka saya ta hanyar hukuma. A ƙarshen Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, su fiye da 2,600, 'yan watanni bayan Gwamna Dikko Raɗɗa ya kafa irin wannan runduna a Katsina a Oktoban 2023. Tun daga lokacin fam-akshan ta zama alamar mai tsaron gari da gwamnati ta san da zamansa.

Saiti: wacce ke samun abin da aka nufa?

A nan dole a fara da abin da ya haɗa su. Cikin bututun adaka da na fam-akshan duk sumul yake, babu zanen murɗe da ke sa harsashi ya riƙa juyawa ya tafi a miƙe. Saboda haka dukkansu bindigogin kusa ne. Fam-akshan mai harsashin ƙwayoyi tana aiki sosai ne iyakar mita talatin zuwa hamsin. Da an wuce haka ƙwayoyin sun watse, ƙarfinsu ya ragu.

Bambancin yana wajen daidaito. Harsashin kamfani awonsa ɗaya, don haka harbin yau da na gobe kusan wuri ɗaya za su faɗa. Mutum na iya sanin halin bindigarsa ya kuma dogara da shi. Adaka kuwa kowane ɗuri da nasa hali. Albarushin ya ɗan yi yawa ko ya gaza, abin da aka zuba a ciki ba girmansa ɗaya ba, bututun ma wani lokaci yana da ɗan karkata da ido ba ya gani. Ga ɗan jinkirin da ke tsakanin jan kunama da tashin wuta, wanda ya isa hannu ya motsa.

Tsofaffin maharba ba su yarda a raina adaka. Hujjarsu ita ce mutumin da ya shekara ashirin da bindiga ɗaya ya san inda take jefa harsashi, kuma ya iya laɓe da haƙuri har nama ya matso. Gaskiya ne. Amma wannan gwaninta ta mutumin ce, ya same ta a farautar dabbar da ba ta mayar da wuta. Saurayin da aka miƙa wa adaka jiya ba shi da ita.

Bazuwar ƙwayoyi ma tana da nata haɗari. Cikin duhu, a lungun gari mai katangar kara da zana, harbin da aka nufi ɓarawo da shi na iya samun maƙwabci ko yaron da ya fito a firgice.

Ƙwarin ƙira: inda yatsu ke salwanta

Kamfanin da ya san aikinsa yana zaɓen ƙarfe na musamman don bututu, sannan ya gwada shi da harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi kafin ya fitar da shi kasuwa. Kowace bindiga kuma tana da lambarta, wadda za a iya bin sawu da ita.

Maƙerin ƙauye ba shi da wannan dama, komai gwanintarsa. Yana aiki ne da ƙarfen da ya samu, wanda galibi ba don ya jure fashewar albarushi aka yi shi ba. Ga tsatsa da ke cin bututu ta ciki, domin tokar albarushi tana jan danshi. Idan mai bindiga ya ƙara ɗuri don ya samu nisa, ko ya manta ya yi ɗuri biyu cikin ruɗani, bututun na iya tsagewa a hannunsa. Duk wanda ya zauna da maharba ya san wani da ya rasa yatsu ko ido ta wannan hanya. Harba-ka-ruga ta fi shiga wannan haɗari, domin harsashin kamfani yana da ƙarfin da ƙirar gida ba lallai ta ɗauka ba.

Amma fam-akshan ɗin ma ba duka ba ce ta ƙwarai. Masu arahar da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya sukan zo da ƙota ta roba mai saurin tsagewa da ƙananan ƙarafan ciki masu saurin lalacewa. In wani abu ya karye, kayan gyara ba sa samuwa a Kaura ko Gusau yadda ake samun na babur. Sai a koma wurin maƙeri ya yi dabara, daga nan kuma ta tashi daga ingancin kamfani.

A taƙaice, sabuwar fam-akshan mai kyau ta fi adaka aminci ga mai riƙe da ita, nesa ba kusa ba. Adaka kuwa ta fi ta sauƙin rayuwa a inda babu shago, babu kanikanci.

Dogaro: damina, hunturu da tsadar harsashi

Hare-hare kan ƙaru da damina, lokacin da ciyawa da dawa suka rufe daji, hanyoyi suka lalace, manomi kuma ba shi da zaɓi sai ya je gona. A daidai wannan lokaci ne adaka ta fi ba da kunya. Albarushi da danshi ba sa ga-maciji. Bindigar da aka ɗura tun magariba, ta kwana cikin raɓa ko yayyafi, tana iya ƙin tashi da asuba. In ma ta tashi, sake ɗuri na cin kusan minti guda ko fiye, ga hayaƙi da walƙiyar da ke nuna inda mai harbin yake.

Harsashin fam-akshan a rufe yake, ya fi jure ruwa, kuma mutum na iya yin harbi biyar ko fiye kafin ya tsaya. Nata ciwon yana zuwa ne da hunturu, sa'ad da ƙura ke shiga ko'ina ta haɗu da mai ta daskare. Wanda bai saba ba kuma, in tsoro ya kama shi, yakan ja mariƙin rabi, sai harsashi ya maƙale. Maganin wannan shi ne atisaye da tsabtacewa a kai a kai.

A nan ne tsada ke shigowa. Harsashin kamfani daga waje yake zuwa, farashinsa na bin dala, kuma doka ta taƙaita sayar da shi. Mutumin da ke ƙirga harsashi biyar a aljihu ba zai ɓata ko ɗaya wajen gwaji ba. Sakamakon haka, da yawa daga cikin masu riƙe da bindigar zamani ranar farmaki ce ranar da suke fara sanin halinta. Mai adaka aƙalla ya saba da tasa.

Ta ukun da ke cikin daji

Duk wannan awo yana rushewa da zarar an ambaci AK-47. Bindigar da Mikhail Kalashnikov ya tsara a Tarayyar Sobiyet a ƙarshen shekarun 1940 tana ɗaukar harsashi talatin a gida ɗaya, tana iya ɓarin wuta ba tsayawa, tana kuma samun mutum daga nisan mita 300. Ta yi suna wajen jure ƙura da laka da rashin kulawa. Manyan dabobin daji ba su tsaya nan ba, suna da masu jigida, wasu har da manyan bindigogin da ake girkewa a kan mota.

Ma'anar wannan a fili take. Ɗan bindiga na iya tsayawa inda ƙwayar fam-akshan ba za ta taɓa kai ba, ya yi ta harbi. Masu gadi sukan yi nasara ne idan sun riga sun samu labari, sun san lungunan garinsu, kuma maharan sun matso kusa. A fili kuwa, ko a kan hanyar Kaura zuwa Zurmi da Jibiya, nisa ne ke yanke hukunci.

Tarihin yankin ya taɓa nuna irin wannan gibi. A Fabrairun 1903, a Kwatarkwashi da ke kudu da Kaura Namoda, wata 'yar tawagar sojan Ingila da ba ta kai mutum hamsin ba ta tsaya gaban dawakin Kano masu ɗimbin yawa. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba a ranar, har Wazirin Kano Ahmadu ya rasa ransa a fagen. Makami ne ya bambanta.

Daga ina makaman daji ke fitowa? Ƙungiyar Conflict Armament Research, a rahotonta na farkon 2020 kan makaman da aka kama a Zamfara da Katsina da Kaduna, ta gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ƙirar gida ne. Sauran sun haɗa da waɗanda suka sulale daga rumbunan gwamnatoci, ciki har da na Libiya bayan rikicin 2011, da na Kwaddibuwa, da na jami'an tsaron Najeriya kansu, sai kuma bindigogin Turkiyya da aka shigo da su ta teku. Shinkafi da Zurmi kuwa tafiya kaɗan ce tsakaninsu da iyakar Nijar.

Abin da doka ta ce

Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta kasa bindigogi gida uku. Na farko su ne haramtattu, irin na soja, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne na amfanin kai, kamar bindigar farauta ƙirar kamfani, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne masu ɗurin baki irin adaka, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke kula da su.

Wanda aka kama da ta rukunin farko ba izini na fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara goma ba. Ƙera bindiga ba lasisi ma laifi ne. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka yanke wa hukunci kan tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata.

A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta umarci jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga, ta ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta daga cikin masarautu 19 na jihar. Rundunar 'yan sandan jihar ta amsa cewa dakatarwar da aka yi wa ba da lasisi tana nan, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya nuna rashin amincewarsa. Kafin nan, a 2021, Gwamna Aminu Masari na Katsina ya yi irin wannan kira. Shi kuwa Gwamna Samuel Ortom na Binuwai ya nemi izinin sayen AK-47 ga rundunar sa-kai ta jiharsa, bai samu ba.

Talaka ya tsinci kansa a tsaka mai wuya. Gwamnansa ya ce ya kare kansa, tsarin mulki a sashe na 33 ya amince da kare rai, amma ƙofar lasisi a rufe. Da yawa sun riƙe makami ba takarda, suna tsoron ɗan bindiga, suna kuma tsoron shingen bincike.

Kowa da inda yake kallo

Mutanen ƙauye da 'yan banga suna da ƙorafi ɗaya: an ce su tsaya, amma an ba su abin da ba zai tsayar da kowa ba. Suna ganin in za a amince wa askari ya fuskanci mai AK-47, to a ba shi irinta. Gwamna Dauda Lawal ma ya sha kokawa cewa ba shi da iko kan sojoji da 'yan sanda, umarninsu daga Abuja yake zuwa, abin da ke ƙara wa masu neman 'yan sandan jihohi ƙarfin hujja.

Jami'an tsaro na kallon abin ta wata fuska. Bindigar da aka raba yau ba ta dawowa gobe. Tana iya faɗawa hannun 'yan bindiga in an yi kwanton ɓauna, ana iya sayar da ita in yunwa ta matsa, ana iya juya ta kan abokin rigimar gona ko ta siyasa. Shi ya sa gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar taƙaita bazuwar ƙananan makamai a 2021, tana ƙoƙarin rage abin da ke hannun jama'a.

Fulani makiyaya da ba ruwansu da ta'addanci suna da nasu kukan, kuma wajibi ne a saurare shi. Sun ga yadda wasu 'yan sa-kai suka riƙa kama mutum a kasuwa su yanke masa hukunci nan take saboda kamanninsa ko harshensa. Masu nazarin rikicin da dama sun yi ittifaƙi cewa irin wannan kisa ya tura matasa da yawa daji, ya kuma ba jagororin 'yan bindiga abin fakewa. Adaka ce aka yi wasu daga cikin waɗannan kashe-kashe da ita. Rauninta a gaban AK-47 bai hana ta zama abin zalunci a kan marar makami ba.

Akwai kuma haɗarin rashin haɗin kai. A Janairun 2025 jirgin yaƙin sojan sama ya yi ruwan wuta a Tungar Kara, yayin wani farmaki a yankin Zurmi da Maradun, inda aka ba da rahoton mutuwar mutane aƙalla goma sha shida, cikinsu har da 'yan sa-kai da masu tsaron gari da suka fito bin sawun ɓarayi. Daga sama, mai adaka a kan babur da mai AK-47 a kan babur ba su da bambanci. Abin da zai raba su shi ne rajista da kaki da hanyar sadarwa.

Sulhu ma an gwada. A 2019 an zauna da shugabannin daji, a 2020 har aka yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya miƙa AK-47. A Satumban 2021 aka juya, aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako. Kowanne ya kawo ɗan sauƙi na wani lokaci, babu wanda ya ɗore.

Ina mafita?

In tambayar ita ce wacce ta fi tsakanin biyun, amsar ba ta da wuya. Fam-akshan mai kyau ta fi adaka daidaiton harbi, ta fi ta aminci ga mai riƙe da ita, ta fi ta jure damina. Adaka ta fi araha da sauƙin gyara, kuma a hannun gogaggen maharbi tana da amfaninta. Amma babu ɗayansu da ta isa ta tsare gari daga mutum hamsin a kan babura, kowanne da bindigar soja. Wanda ya ce wa manomin Badarawa ko Kurya ko Dauran sauya bindiga ne zai fitar da shi, ya ɗora masa nauyin da ba nasa ba.

Abin da ya fi ceton rai a garuruwan da suka ɗan samu sauƙi sanannu ne: labari da wuri, layin waya mai aiki, sansanin jami'an tsaro da ke kusa kuma yake amsa kira, da masu gadi da hakimi da dagaci suka san su ɗaya bayan ɗaya. Askarawa na bukatar horo mai tsawo, albashi a kan lokaci, rigar kariya, na'urar sadarwa da ta haɗa su da soja, da kulawa ga iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki. Kowace bindiga da aka ba su ta kasance da lamba da sunan mai riƙe da ita, duk wanda ya taɓa marar laifi kuma ya gurfana gaban alƙali.

Maƙera ma bai kamata a bar su a duhu ba. Yi musu rajista da sanya ido kan aikinsu ya fi kamun lokaci-lokaci da ba ya hana komai. Sannan babban aikin yana kan iyaka da tashoshin ruwa da rumbunan gwamnati, inda makaman daji da harsasansu ke fitowa. Muddin wannan hanya na buɗe, duk abin da aka ba mai gadi zai kasance a baya.

Mutanen Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun nuna ƙarfin hali fiye da abin da ya kamata a nema daga farar hula. Sun binne 'yan uwansu, sun biya harajin da ba na gwamnati ba kafin su shiga gonakinsu, sun kuma ci gaba da noma. Haƙƙinsu ne gwamnatin tarayya da ta jiha su karɓi wannan gadi daga hannunsu, da isassun jami'ai da kayan aiki da shari'a mai adalci ga Bahaushe da Bafulatani, domin manomi ya koma ga aikin da ya iya, wanda kuma ƙasar nan ke matuƙar bukata.